Muryar Yayuk Har Ƙarshen Rumfa

Litinin, 2 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Mun dawo daga Malang. Awa uku da wani abu a bas, Yayuk ta ɗora kai a kafaɗata tana barci, ko tana yi kamar tana barci. Shekara ashirin da shida da aurenmu, na san bambancin, amma ban tanka ba.

Likita ya faɗi abin da ya faɗa. Ya zana mana maƙogwaro a bayan takarda, ya kewaye wani wuri da biro. Ya ce ranar Talata goma ga wata akwai gado. Abu ɗaya tak Yayuk ta tambaye shi: in an yi aikin, muryar fa? Sai ya ajiye biron ya dubi takardar.

Ta ce, "To a bari sai bayan ashirin da biyu ga wata, likita. Zan aurar da 'yata."

Ya ce, "Bu Yayuk, wannan abin ba ya jiran biki."

"Zai koya," in ji ta.

Ba zan rubuta sunan abin a nan ba. Littafin aiki ne wannan, na saye shi don rubuta tsawon rumfuna da lambobin na'ura.

Talata, 3 ga Yuni, ƙarfe tara na safe

Na auna titinmu. Rumfar bikin 'yarmu Laras za ta tashi daga ƙofar gida ta tsaya a shagon mai gyaran babur, mita sittin cif. Lasifika kashi uku ke nan: na gaban dandamali, na mita ashirin, na mita arba'in.

Abin da masu gidan biki ba sa ganewa shi ne wuta a cikin waya ba ta ɓata lokaci, amma murya a iska da ƙafa take tafiya. In ka saki lasifikun uku tare, wanda ke zaune a tsakiya zai ji kowace kalma sau biyu, kamar mutum biyu na cacar baki. Sai ka gaya wa na'urar sarrafa sauti ta riƙe na baya su jira muryar ta iso daga gaba. Mita ashirin, jinkirin milisakan hamsin da takwas. Mita arba'in, ɗari da goma sha bakwai. Ni kuma ina ƙara goma a kan kowanne, don kunne ya ɗauka daga bakin mai waƙar abin ya fito, kai ya juya wajenta ba wajen akwati ba.

Ina duƙe da tef ɗin awo, Yayuk na baranda tana ɓarar albasa.

"Mas Harjito," ta ce, da cikakken sunana, wato tsokana ce, don kullum Mas kawai take ce min, yadda mace ke kiran mijinta a nan. "Titinmu ne fa. An ce maka ya ƙara tsawo da daddare?"

Sai tari ya kama ta. Na tsaya riƙe da tef har ya sake ta.

Da na matso ta rage murya, duk da babu sauran abin ragewa. "Kada Laras ta ji. Ka rantse."

Ban rantse ba. Na dai gyaɗa kai.

Alhamis, 5 ga Yuni, da azahar

Na ce mata a matsar da bikin gaba. Ta ce kakan ango ne ya ƙirga ranar, katin gayyata ɗari huɗu sun fita, kuma da watan nan ya mutu watan Suro zai kama, wa ke aurar da 'ya a Suro? Na ce to a yi aikin ranar goma, ta zauna a kujera ranar biki kamar kowace uwa. Ta dube ni kamar na zage ta.

"Na yi waƙa a bikin 'ya'yan mutane sun fi dubu, Mas. Ta cikina ce zan zauna ina kallo?"

Juma'a, 6 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Babbar Sallah. Ni na haɗa sauti a filin idi kamar kowace shekara. Bangon makarantar da ke gabas yana dawo da muryar liman, sai na karkata lasifiku biyu na rage musu ƙasa. Babu wanda ya yi ƙorafi, babu wanda ya yaba. Haka aikin yake in ya yi kyau.

Laras ta zo daga Surabaya, hutun kwana biyu suka ba ta a makarantar da take koyarwa. Tana shiga ta ce wa uwarta, "Ibu, me ya sami muryarki?"

"Ƙanƙara ce, Nduk, 'yata. Babanki ya sa ni shan lemo mai sanyi a bas."

Ni aka ɗora wa. Na karɓa.

Suna tsire naman akuya a tsakar gida Laras ta ce ta gaya wa duk dangin Danang, angon nata, cewa uwarta ce za ta rera waƙar shigowar amarya, wai har wata goggonsa ta ce tun tana budurwa take bin Yayuk daga biki zuwa biki. Yayuk ta yi dariya tana fifita garwashi. Na tashi na tafi shagona na nannaɗe wayoyin da suke a nannaɗe.

Lahadi, 8 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Laras ta koma. Da rana muka yi gwaji a shago, ni da Yayuk da Cak Bandi mai kiɗan kibod, wanda ya fi shekara ashirin yana bin ta da kiɗa.

Ya shigo yana cewa, "Ina sarauniyar garin Tulungagung? Ko yanzu sai da takardar neman izini ake ganin uwar amarya?"

"Rufe baki ka kunna abinka, tumbi kamar na mai wata tara," ta ce masa.

Na buɗe ajiyar muryarta a na'ura, lamba bakwai. Shekaru na yi ina gyara lambobin nan. Muryar Yayuk tana da kauri a ƙasa, sai in ɗan rage wajen lamba ɗari biyu da hamsin a ma'aunin sauti kada ta cika rumfa da gunji. A sama kuma, wajen dubu uku, tana da wani kaifi da ni kaɗai nake jin tsoronsa, shi ma in rage kaɗan. Aikina da muryarta kullum ragi ne, don Allah ya ba ta fiye da abin da lasifika ke iya ɗauka.

Ta fara. Baiti ɗaya, da ta zo hawa sai iska kawai ta fito.

"Ƙara min sama, Mas."

Na ƙara.

"Ƙara."

Na ƙara har lasifika ta fara huci kamar tukunya. Babu komai a wurin da zan ɗaga. Na'ura tana ƙara abin da ta tarar ne, ba ta ƙirƙira.

Bandi ya sauke kiɗan mataki biyu, ya sake saukewa biyu. Bai ƙara yin wasa ba. Da Yayuk ta shiga gida shan ruwa ya zo ya tsaya kusa da mikisa, teburin da nake haɗa sauti.

"Jito. Ba mura ba ce ko?"

Na ci gaba da mayar da lambobin inda suke. Ya cire hularsa, ya sake sawa.

Talata, 10 ga Yuni, da safe

Yau goma ga wata. Wani ne ya kwanta a gadon.

Laraba, 11 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana

Shinkafa ta daina wuce mata, sai kunu. Ta ce wai rage ƙiba take kada kayan biki su matse ta.

Na je shanya, na ga hankicinta a bokiti, ta jiƙa shi daban da sauran kaya. Na ga launin ruwan.

Alhamis, 12 ga Yuni, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na kira Laras.

Na fita har gindin gada don kada a ji ni. Na shirya maganar tun a hanya, amma da ta ce "Pak?", wato Baba, sai duk ta watse, na faɗa mata a birkice, ƙarshe a farko.

Ai ban rantse ba. Tun ɗazu nake maimaita wa kaina haka.

Juma'a, 13 ga Yuni, bayan la'asar

Laras ta iso da bas ɗin safe, ko jaka ba ta ɗauko ba. Ta durƙusa gaban uwarta ta riƙe gwiwoyinta.

"Ibu, a fasa. Wallahi a fasa. Na yi magana da Danang, ya ce ko shekara ce zai jira. Ba na son waƙar. Ke nake so."

Yayuk ba ta dube ta ba. Ni ta duba, ta saman kan yarinyar.

"Abu ɗaya na roƙe ka," ta ce.

"Dik Yayuk, kin ga fa..."

"Abu ɗaya."

Ta ɗago Laras ta share mata fuska da bakin zanenta, ta ce ba za a fasa komai ba, ranar ashirin da shida an ba ta wani gadon, kwana huɗu ne kacal bayan biki, kuma amarya ba ta kuka da saura kwana tara, fuska kumbura take. Laras ta yi ta roƙo har muryarta ta koma kamar ta uwar. A banza. Duk wanda ya san Yayuk ya san a banza ne.

Tun daga nan ba ta ƙara ce min uffan ba.

Asabar, 14 ga Yuni, da magariba

Ta ajiye min kofi a inda ta saba. Ba magana.

Lahadi, 15 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Aiki a Trenggalek, bikin 'yar wani mai kiwon kifi. Rumfa mita arba'in da biyar. Wata yarinya ce ta yi waƙa, murya siririya mai tsabta, duk abin da ka ƙara mata ɗauka take.

Ana cikin jawabin waliyyi wani tsoho ya tako daga baya ya dafa teburina. "Pak, mu a can mutum biyu muke ji. Ko waliyyin tagwaye ne?" Mutane suka yi dariya. Na duba na'ura: lasifikun baya babu jinkiri ko ɗaya, sifili. Ban taɓa mantawa ba tun da na sayi na'urar. Na gyara a gaban idonsa, na ba shi haƙuri. Mai gida ya cika min leda da soyayyen kifi duk da haka.

Na kawo kifin gida, sai da na ajiye a tebur na tuna ba za ta iya ci ba.

Litinin, 16 ga Yuni, da safe

Tana magana da Laras. Tana magana da matan da ke zuwa taya girki. Jiya har kyanwa ta yi wa faɗa. Ina tsayawa bayan ƙofa in saurara.

Kwana goma suka rage mata da muryar nan, ga huɗu ta riga ta hana ni su. Ni na jawo. Da za a mayar da ni gindin gadar nan da na sake kiran Laras, kuma da na sake rasa su.

Talata, 17 ga Yuni, da azahar

Ba magana.

Laraba, 18 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Bandi ya zo shago da dabara. Yana da waƙar shigowar amarya da Yayuk ta rera shekara biyar da suka wuce, ni na ɗauka daga mikisa, tsab babu hayaniya.

"Ka saka ta, ita kuma ta riƙe makirfo a kashe tana motsa baki. Rabin 'yan matan nan na yanzu haka suke yi, wa ya kama su? Ta huta da maƙogwaron, yarinya ta sami waƙarta, goggon ango ta yi kukanta ta koma gida."

Na ce ba zan iya gaya mata ba, ba ta kula ni.

"To aika jakada mana. Kai da ka aika mata ƙanwarka sau uku kafin ka iya gaishe ta."

Na aika Laras.

Laraba, bayan magariba

Ta zo shago da kanta, da zanen girki, ludayi a hannu.

"Ni za ka mayar 'yar tsana, Harjito? In tsaya gaban mutane ina buɗe baki kamar kifi a faranti?"

Ta zage ni, ta zagi Bandi da tumbinsa, ta zagi na'urar. Rabin zagin iska ne, sai na matso nake ji. Ban san fuskata ta nuna wani abu ba sai da ta tsaya ta ce, "Murmushin me kake?"

Na ce, "Kin yi min magana."

Ta zauna a kan akwatin lasifika.

"Kana tsammanin don Laras ne kaɗai," ta ce. "Ita ma haka take tsammani. Don ni ne, Mas. Tun ina 'yar sha huɗu nake waƙa. Waƙata ta ƙarshe a bikin wani mai sayar da taya ce a watan jiya, ana ta rabon abinci babu mai saurare, ni ma ban san ita ce ta ƙarshe ba. Ba na so ta zama ita ce. Ina so in sani lokacin da nake yi."

Na ce likita ya ce kowane mako da nasa.

"Na ji shi. Kusa da kai nake zaune." Ta juya ludayin a hannunta. "Tsoro nake ji, Mas. Ka bar ni in ji tsoron bayan biki."

Ban ce na yarda ba. Na ce ta dawo gobe da safe, lokacin muryar ta fi zama.

Alhamis, 19 ga Yuni, ƙarfe goma na safe

Na goge lamba bakwai gaba ɗaya, na fara daga farko. Waccan muryar ba ta nan, babu amfanin ajiye mata wuri. Wadda ta rage tana tsakiya, ƙasa-ƙasa, kamar mai yi wa jariri raɗa. Ita na bi. Na yanke can ƙasa inda babu komai sai numfashi, na yanke can sama inda babu komai sai huci, na bar tsakiyar.

Matsalar ita ce sai na ɗaga makirfo sama sosai kafin a ji ta, kuma makirfo in ya kai nan, lasifika kururuwa take. Don haka na yi ta ɗagawa a hankali har kukan ya fara, in nemo lambar da yake fitowa, in yanke ta siriri kamar zare, in sake ɗagawa. Biyar na samu. Ranar biki sai na sake a cikin rumfar, don kowane wuri da nasa kukan.

Bandi ya ce ta bar waƙar shigowar amarya, tana da hawa da yawa. Yayuk ta ce ta sani. Akwai wata 'yar gajeriya da ta ƙirƙira tana yi wa Laras wajen wanka tana jaririya, ba ta da suna ma, baiti uku. Ita za ta yi. Ba kiɗa.

"Ba kiɗa?" in ji Bandi. "To ni me zan yi?"

"Ka ci abinci. Ai nan ka fi gwaninta."

Asabar, 21 ga Yuni, da la'asar

An kafa rumfa. Na sa an kai janareta bayan gonar rake da doguwar waya. Na bi masu fanka da masu kwanuka ɗaya bayan ɗaya, na ce in na ɗaga hannu a kashe komai, a ajiye komai. Na taka mita sittin ɗin sau nawa ban sani ba, Bandi na ƙirga min ɗaya biyu uku a makirfo, ina tsayawa ƙarƙashin kowace lasifika in ji ko ta riga muryar gaba. Da rana ta yi zafi na sake taɓa jinkirin kaɗan, don iska mai zafi ta fi saurin kai sauti.

Tun jiya ta daina magana sai da hannu. Wannan karon tanadi take, ba fushi ba.

Lahadi, 22 ga Yuni, ƙarfe biyar da rabi na yamma

An yi.

An ɗaura aure da safe. Ni uban amarya ne, wurina kan dandamali kusa da Yayuk, da rigar da suka ɗinka min mai matse wuya. Na zauna a can har aka gama gaisuwar iyaye. Da Laras ta durƙusa ta sa goshi a gwiwata na dafa kanta kawai. Daga nan na sauka na bi gefen rumfa zuwa teburina. Na ji wata mata na cewa, "Ji uban amarya, ko yau ba zai bar wayoyinsa ba."

Yayuk ta miƙe da makirfo. Na ɗaga hannu. Fankoki suka mutu ɗaya bayan ɗaya, kwanuka suka yi shiru. Mutane suka fara waige-waige suna tsammanin wuta ce ta ɗauke.

Ta sa makirfon ya taɓa leɓenta kamar yadda na ce. Na ɗaga ta har bakin inda kuka ke farawa, hannu ɗaya a mikisa, ɗaya a na'ura. Jikin mutane ɗari huɗu ya canza rumfar, wani sabon kuka ya taso wajen dubu biyu, na ji shi tun yana siriri na yanke kafin kowa ya lura.

Ta yi baiti na farko. Ba muryar da suka zo ji ba ce, kowa ya gane haka tun kalmar farko. Amma ta fita. Na waiga can ƙarshe, wajen shagon mai babur, inda ake zaunar da direbobi da maƙwabtan nesa. Duk fuskokinsu na kallon dandamali. Ko mutum ɗaya bai kalli lasifikar da ke saman kansa ba.

A baiti na biyu muryar ta yanke. Ta tsaya. Numfashinta kawai ake ji a duk rumfar, shiga da fita, don makirfon yana sama sosai. Na so in rage don in rufa mata asiri. Ta dube ni daga can ta girgiza kai kaɗan. Na bari. Ta haɗiye, na ga abin da haɗiyar ta ci mata, ta ci gaba. Na ukun faɗarsa ta yi, ba rerawa ba.

Babu wanda ya tafa da farko. Laras ta taso da duk nauyin adon kanta ta rungume ta, makirfon ya shiga tsakaninsu, sai na kashe.

Goggon ango ta same ni daga baya, idonta jawur. Ta ce, "Pak, me ke damun Bu Yayuk?" Na ce ƙanƙara ce.

Litinin, 23 ga Yuni, ƙarfe tara na safe

Ban ɗauka ba.

Na haɗa na'urar ɗauka tun ranar Asabar, na gwada ta sau biyu. Hannuwana biyu na kan aiki, ban danna ba. Sai yau da nake kwance kaya na ga babu komai a ciki.

Yara sun turo min abin da suka ɗauka a wayoyinsu. Tari, kukan jariri, ƙarar kujera, ita kuma can nesa kamar daga wani gida.

Na gaya mata. Na ɗauka za ta yi fushi. Ta ce, "Kai ka ji?" Na ce na ji. Ta ɗaga kafaɗa ta ci gaba da ninke tabarmi.

Laraba, 25 ga Yuni, da azahar

Malang. Sun sake ɗaukar hoto. Likita ya daɗe yana kallo, ya ce za su cire fiye da yadda ya zana mana ranar. Ban tambaye shi ko makonni biyun nan ne suka jawo ba. Shi ma bai faɗa ba. Ba zan taɓa tambaya ba.

Alhamis, 26 ga Yuni, ƙarfe takwas na safe

Sun shiga da ita ƙarfe bakwai da kwata.

Tun jiya nake tunanin me za ta ce min a ƙarshe, har na shirya amsa. Ta yi wa Laras nasiha doguwa a kunne, ta gaya wa Danang ya riƙa cin abinci ya yi rama. Ni ba ta ce min komai ba har suka fara tura gadon. Ina biye da su a baranda, sai a bakin ƙofar ta kama hannun rigata ta jawo ni, na sunkuya.

"Mas, ka sa maɓallin rigarka a karkace."

Na duba. Gaskiya ne. Kafin in ɗago sun shige.

Ban gyara ba tukuna.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Ta fito. Likita ya ce sun cire abin da suka gani. Sauran sai nan gaba.

Asabar, 28 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Ta farka sosai yau. Akwai bututu a wuyanta, ta nan take numfashi. Laras ta sayo mata ƙaramin allo da alƙalami. Ma'aikaciyar jinya ta ce nan da wasu watanni akwai hanyoyin da ake koya wa mutum fitar da kalma, ba irin ta da ba, amma kalma. Yayuk ta saurara da idonta a rufe.

Da suka fita shirun ya yi min yawa, sai na kama surutu. Na ba ta labarin tsohon Trenggalek da waliyyinsa tagwaye. Na gaya mata Bandi ya ci faranti huɗu na rawon, baƙar miyar naman nan, a bikin, na biyar ya sa a leda ya cusa a jakar kibod, ledar ta fashe, yanzu maɓallai uku ba sa tashi, in ya danna sai miya ta fito.

Kafaɗunta suka fara rawa. Na tsorata, na miƙe zan kira su, sai na ga fuskarta. Dariya take. Baki buɗe, ido a matse, hawaye na bin gefe zuwa kunne, irin dariyarta ta kullum wadda ake ji daga bakin titi. Ko ƙwayar sauti babu.

Hannuna na dama ya motsa a kan gwiwata shi kaɗai, yana neman abin da zai tura sama.

Ta ga hannun. Ta kama shi ta riƙe har dariyar ta lafa. Sannan ta jawo allon da ɗaya hannun, ta rubuta a karkace, ta juyo min da shi.

"Sai me ya faru?"

Na ja kujera kusa na ci gaba.